Abin da Ya Sa Zomo Ke Laɓewa In Mai-Tukku Ta Tashi Sama

Ku matso, yara. Kai Tanko, sakar wa ƙanwarka kitso. Kuna so ku ji dalilin da ya sa in Mai-Tukku, 'yar tsuntsuwar nan mai launin ƙasa da ke sheƙa a gindin ciyawa, ta tashi sama tana waƙa, sai zomo ya kwantar da kunnuwa ya manne da ƙasa? Ba tsoro ba ne. Wa zai ji tsoron tsuntsuwar da ba ta cika tafin hannu ba?

A da maƙwabta ne, a wani fako da babu kowa sai su biyu da sabara. Lokacin Zomo yana da gida har da zaure, in ji kakata, ita kuwa ba ta ƙarya sai in ta ga dama. Kullum da hantsi zai zo ya yi sallama.

"Maƙwabciya, an tashi lafiya? Yaya ƙwai?"

"Suna nan, Malam Zomo, muna ta ɗumi."

Su yi hira, in ya miƙe ta taka masa. Shi kuwa ba abin da ya tsana kamar komawa gidan nan nasa mai shiru. In ta kawo shi bakin sabara, sai ya ce bari ya mayar da ita. Ta sake rako shi, ya sake mayar da ita.

Ran nan ta ja ta tsaya. "Yau kam iyakata nan. Na bar ƙwai a buɗe."

"Haba, maƙwabciya! Rakiyar ke nan? Ko baƙon da ba a so ai a kai shi gindin gawo."

Kunya ta hana ta musu, ta bi shi. Suna gindin gawo garken shanu ya ratsa fakon. Da ta dawo, sawun kofato ta tarar inda sheƙarta take.

Ta zauna makoki. Fara ta zo gaisuwa, ƙadangare ya zo, har kunkuru ya lallaɓo ya iso. Ita dai idonta na kan hanya. Zomo ya taso kam, amma da ya kawo bakin sabara sai ya ja ya tsaya. "In ce mata me? Ni fa na ja ta." Ya juya, ya ce sai gobe. Da gari ya waye, kunyar rashin zuwan jiya ta hau kan ta ƙwai. Haka ta yi ta taruwa, har ya bar gidan gaba ɗaya don kada ta biyo shi.

Ita kuwa ba ta riƙe shi da komai ba. Ta ce wa ƙadangare, "Don Allah gaya masa shanu ne suka taka, ba shi ba. Ya zo kawai ya ce mini sannu." Ƙadangare ya gyaɗa kai. Kun dai san shi, gyaɗa kan yake ta yi, saƙo bai isa ba.

Shi ya sa har yau zomo ba shi da gida, duk inda ya samu ɗan kwari nan yake kwantawa shi kaɗai. Ita kuma sai ta tashi can sama tana leƙen daji tana kiransa, in ta gaji ta faɗo ƙasa kamar tsakuwa. Yana jin ta sarai, da waɗannan kunnuwan. Ya ma daɗe da shirya abin da zai ce mata. Gobe zai je.