Bushiya da Duwatsun Sama

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata 'yar bushiya, ita da uwarta a gindin wata kuka. Uwar ta tsufa, ga zazzaɓi ya kwantar da ita kwana bakwai.

Ran nan da rana hadari ya taso, aka yi ruwa da ƙanƙara. Bushiya ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba. Ta ga fararen duwatsu suna ƙyalli cikin ciyawa, ta ce bari ta shirya wa Inna abin wuya da su. Ta tsinta, ta tsinta, har ta cika ƙwarya.

A hanya ta gamu da Dila. Ya leƙa ƙwarya, ya ce ai waɗannan duwatsun kakansa ne suka zube. Ta roƙe shi, ya ƙi. Ya kwashe, ya bar mata uku.

Dila ya zuba su a aljihu, aljihu ya jiƙe. Ya ce, “Af, ɗanyu ne.”

Ya shanya su a rana, suka ƙara ƙanƙancewa. Ya ce, “Af, ɗanyu ne.”

Ya juye su a tukunya, ya ɗora a wuta don su gasu su yi ƙarfi, yadda ya ga magina suna yi wa tukwane. Da ya ɗaga murfi, tururi ya tashi ya ƙone masa hanci. Ya leƙa, tukunya wayam.

Ita kuwa Bushiya ta rufe ukunta da ganye, ta yi ta gudu da 'yan gajerun ƙafafunta. Da ta iso ta buɗe, babu duwatsu, sai ɗan ruwa a gindin ƙwarya. Ta zauna tana kuka, tana gaya wa uwar yadda aka yi.

Uwar ta ce, “Miƙo nan, 'yata.”

Ta tsoma yatsa, ta ji sanyin da ko randa ba ta bayarwa. Ta gaya mata ba su ɓata ba, dama ruwa ne ya daskare a sama, ya sauko ya koma ruwa. Ta kurɓi rabi, ta ce a shafa mata sauran a goshi. Bushiya ta shafa a hankali, a hankali. Uwar ta lumshe ido, ta jawo 'yarta jikinta, ƙaya da ƙaya. Washegari da kanta ta nemi kunu.

To kun ji. Wanda ya ƙwace da yawa bai tsira da komai ba, wadda ta kawo kaɗan da ƙauna ta tashi uwarta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Kowa ya sha ruwa ya kwanta.