Jan Layin Da Aka Goge

Akwai wani mataimakin shugaban makarantar sakandare, mutum mai tsari da tsafta, wanda ko alli ya taɓa sai ya goge yatsunsa da hankici. Shekarar da makarantar ta yanke shawarar sauya yadda take auna ɗalibai, shi aka ba shugabancin kwamitin aikin.

Sabon tsarin ba shi da wuyar ganewa. Maimakon a tara maki a ce yaro ya ci, za a rubuta wa kowane darasi abubuwan da dole ɗalibi ya iya yi da kansa, malami yana tsaye yana kallo. Hukuncin kuma uku ne: ya iya, ya kusa, ko bai iya ba.

Zango guda suka yi suna zama a ɗakin malamai bayan an tashi, tsohuwar fanka tana kuka a kansu. Malamin lissafi ya ce in da za a auna malamai da wannan ma'auni, shi a zuwa aiki kan lokaci "ya kusa" zai samu har ya yi ritaya.

A cikinsu akwai malamar koyar da aikin lantarki, wadda yara suka laƙaba wa Sake-Yi, domin kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Abu ɗaya ta roƙi kwamitin. Ta ce a cikin ma'aunanta akwai wanda ba a tsallakewa: kafin ɗalibi ya taɓa waya, ko da shi ya kashe makunni da hannunsa, dole ya sa testa ya tabbata babu wuta. Wanda bai saba da wannan ba, bai ci darasin ba, komai kyan sauran aikinsa.

Mataimakin ya yaba ƙwarai. Shi da kansa ya ɗauki rula da jan biro ya ja layi a ƙarƙashin wannan ma'auni.

To, autansa yana ajin ƙarshe a shekarar. Yaro ne mai albarkar hannu. Kafin abokansa su gama fere waya, ya haɗa tasa ya naɗe, aiki tsaf kamar na masana'anta. Har wani ɗan kwangila ya yi alkawarin ɗaukarsa da zarar takardarsa ta fito.

A ɗakin koyon sana'a malamar tana da allon gwaji da ta haɗa da ƙaramin batir da ƙararrawa. Wani lokaci takan bar wuta ta shigo ta wata hanya ko an kashe makunni. Duk wanda ya kai hannu bai gwada ba, sai ƙararrawa ta ɗauka. Auta ya fi kowa kaɗa ta, har abokansa kan tattara jaka su ce an tashi. Shi ma dariya yake yi, testar tana maƙale a aljihun rigarsa.

"Malama, ai na kashe makunnin."

"Na gani. Sake yi."

Ranar awon ƙarshe ƙararrawar ta sake ɗauka. Malamar ta rubuta "bai iya ba". Ma'anarsa sai ya dawo bayan hutu ya ƙara zango, ɗan kwangila kuma ba zai jira ba.

A gida uwar yaron ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole. Ta ce 'ya'yan da ba su kai ɗanta ba sun wuce, shi da ubansa ke riƙe da makaranta an tsayar da shi a kan tsinken ƙarfe mai fitila.

Mataimakin ya kira malamar ofis, ya ba ta kujera, ya tambaye ta ko a ajin akwai wanda ya fi yaron iya aiki. Ta ce babu.

"To, a kan abu ɗaya tak za ki tsayar da shi?"

"Ranka ya daɗe, sauran in ya kuskure a kansu fitila ce ba za ta kama ba. Wannan in ya kuskure, shi ne ba zai dawo gida ba. Ka ba ni shi zango guda."

Bai yi mata faɗa ba, ba halinsa ba ne. Kwamiti ya tara. Bai ambaci ɗansa ba ko sau ɗaya. Ya yi magana mai daɗi a kan tausayin ɗalibai, ya ce ba adalci ba ne abu guda ya rushe wahalar shekaru, don haka duk wanda ya iya mafi yawan ma'aunai a ce ya ci. Malamai sun gaji da zama, kowa kuma ya san inda maganar ta dosa. Hannuwa suka tashi, ban da na mutum ɗaya. Aka sake buga takardar ma'aunan, babu jan layi.

Takardar Auta ta fito, ya fara aiki, ana ta yabonsa. Wata rana da hantsi aka tura shi gyara a wani babban shago. Ya je ya kashe babban makunni yadda ya kamata, ya hau tsani, ya buɗe akwatin wayoyi. Ba wanda ya gaya masa cewa mai shagon ya haɗa na'urar hasken rana da batura ta bayan gini, suna ba wa layin wuta.

Ya rayu. Amma likitoci sun yanke hannun dama daga ƙasan gwiwar hannu.

Da ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa uban kayan da aka cire wa yaron, ya ji wani abu mai tauri a aljihun rigar. Testar ce, sabuwa, ko ƙwarzane babu.

Uban yana zaune a bakin gadon sai yaron ya yi magana, fuskarsa na kallon bango.

"Baba, da na ji wutar, ƙararrawar Malama na jira in ji."

Bayan an koma makaranta, mataimakin ya taka zuwa ɗakin koyon sana'a, inda rabonsa da shiga tun kafin a goge layin. Ya tarar da malamar da wasu samari da ba sa cikin kayan makaranta. Tsofaffin ɗalibanta ne da sabuwar dokar ta wuce da su, ta bi su gida-gida ta roƙe su su dawo.

Ya tsaya a bakin ƙofa da rula da jan biro a hannu. Ya ce ya zo ne a mayar da layin.

"Layi kam ana iya mayar da shi, ranka ya daɗe," ta ce a hankali.

A bayanta wani ya kai hannu kan allon, ƙararrawa ta ɗauka. Babu wanda ya yi dariya.

Darasi: Wanda ya ce wa ɗanka "bai iya ba tukuna" ba maƙiyinsa ba ne. Za ka iya sassauta ma'auni a kan takarda, amma duniya za ta auna yaron da nata, kuma ba ta cewa a sake yi. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani, wataƙila wani yana shirin goge nasa layin.