Ƙusar Juye ta Motar Malam Tanimu

An ce wai a wani gari na kan hanyar Funtuwa an yi wani dattijo, Baba Nagoma, wanda kanikawan garin suka naɗa sarkinsu. Shekara hamsin ya yi a ƙarƙashin mota. Da idonsa ya raunana ya ajiye sifana, amma duk rigimar da ta tashi a gareji gabansa ake kai ta.

A garin akwai wani tsohon hedimasta, Malam Tanimu, mai wata Fijo da ya gada daga mahaifinsa. Motar ta haura shekara arba'in, amma kullum a goge take, ba ya bari ko kaza ta hau ta. Shi da matarsa Iya Lantana kaɗai suka rage a gidan.

Wata rana da hantsi ciwon ƙirji ya buge Iya Lantana. Malam Tanimu ya sa ta a mota ya nufi asibitin birni. Sun yi rabin hanya inji ya yi wata ƙara, ya tsaya cak. Da ya leƙa ƙasa sai ya ga ƙusar juye, wadda ake kwancewa a zubar da tsohon baƙin mai, ta fice, man ya tsiyaye ƙaf. Kafin a sami motar da za ta ɗauke su, rai ya yi halinsa a gindin wata ɗorawa.

Bayan sadakar bakwai Malam Tanimu ya koma wurin, ya bi baƙin layin da man ya zana a kan kwalta har ya tsinci ƙusar a cikin ciyawa. Ya kai ta gaban Baba Nagoma, ya kai ƙarar Ilu, bakaniken da ya yi masa juye wata guda kafin nan.

Ya ce, "Sarki, ban zo neman diyya ba, babu abin da zai dawo mini da ita. Roƙona ɗaya: a kori Ilu daga wannan sana'a, kada sakacinsa ya sake maraita wani gida."

Ilu magidanci ne mai 'ya'ya shida, kuma tun ranar da abin ya faru babu wanda ya sake kawo masa mota. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗaure ta daidai gwargwado. Abu ɗaya na sani a kaina: ban sami sabuwar washa ba, wato ɗan zoben da ke hana mai yoyo, na mayar da tsohuwar. Na ce wa Malam in ya ga ɗigo ya dawo, bai dawo ba."

Baba Nagoma ya karɓi ƙusar, ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa. Kanta ya ciccinye kamar an tauna, zarenta na murɗawa kuma cike da ɓarɓashin ƙarfe. Ya san in ya kori Ilu ya kashe gida guda, in kuma ya sallame shi haka nan, mai makoki zai tafi da gaba har kabari. Sai ya ce, "Ku same ni a gida ranar Alhamis da safe."

Da suka zo suka tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kusa da tsohuwar akori-kurar Baba Nagoma. A ƙarƙashinta an ajiye farin kwano, mai yana ɗiga a ciki ɗis, ɗis. A gefen tabarma ga filaya a yashe. Aka ce mai gida yana karyawa, su ɗan jira.

Jira ya yi tsawo. Ilu ya dubi kwanon sau ɗaya, ya kau da kai. Malam Tanimu kuwa ya kasa ɗauke idonsa. Can ya ce, "Kai da ake kira bakanike, kana kallon mai yana zuba?"

Ilu ya ce, "Malam, washa ce ta mutu. Sai an juye man an sa sabuwa."

Malam Tanimu ya ce, "Abin da juyi ɗaya zai tsayar?" Ya ɗauki filayar, ya tattara rigarsa, ya rarrafa ƙarƙashin motar, ya kama kan ƙusar ya danna da duk ƙarfinsa.

A nan Baba Nagoma ya fito daga zaure, inda yake zaune tun farko yana sauraro. Ya ce a hankali, "Malam, sau nawa ka yi wa taka haka?"

Malam Tanimu ya fito, filaya a hannu. Da ƙyar ya ce, "Kowace safiya. Nakan ga ɗigo a ƙasa, ba na son ganinsa. Sai in ƙara wa ƙusar ɗauri kaɗan."

Baba Nagoma ya miƙa masa ƙusar Fijon da ya kawo ƙara da ita ya ce, "Taɓa kanta. Waɗannan haƙoran filaya ne, bakanike kuwa da sifana yake aiki. Ramin da take shiga ƙarfensa mai laushi ne. Kullum ka ƙara juyi, kana cinye zarensa ne, har ya zamana babu abin da ke riƙe da ita sai ikon Allah. Da na gaya maka wannan da baki ranar nan, cewa za ka yi kanikawa sun rufa wa nasu asiri. Shi ya sa na bar hannunka ya ba da shaida."

Malam Tanimu ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ashe ni na kashe ta."

Baba Nagoma ya zauna kusa da shi ya ce, "A'a. Wanda ya ba da rai shi ya karɓi abinsa, a ranar da ya rubuta, ko a mota ko a kan gado. Kai dai garin gyaran gira ka rasa ido, kuma ba mugunta ta sa ka ba, tsananin kulawa ne. Abin da ke hannunka yanzu shi ne kada ka ɗora wa wani kayan da kai ma ka ji nauyinsu."

Sannan ya juya ga Ilu ya ce, "Kai ma ba ka fita fes ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ka nemo washa, da babu ɗigo, da Malam bai ɗauki filaya ba. Hukuncinka shi ne ka gyara motar nan da hannunka: ka sauke injin, ka yanka sabon zare a ramin, ka sa ƙusa mai ɗan kauri da sabuwar washar tagulla. Malam kuma zai zauna kusa da kai har ka gama, don gari ya gani."

Haka aka yi. Kwana goma sha biyu suna tare a gareji, maganarsu ba ta wuce gaisuwa. Ran da inji ya tashi, Ilu ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, aka jira har la'asar, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba. Malam Tanimu ya miƙa masa hannu a gaban jama'a ya ce, "Ka yafe mini, Ilu." Daga nan masu motoci suka fara dawowa wurin Ilu.

Malam Tanimu ya tuƙa motar zuwa gida, ya ajiye ta a rumfa, ya lulluɓe da tamfol. Bai sake hawanta ba har ya bar duniya.

Shi ya sa masu hikima suka ce, ba kowane yoyo ne ƙarin ɗauri ke tsayarwa ba, kuma wanda zai kai ƙarar hannun wani, ya fara duban nasa.