Gidajen Bayan Rafi

Akwai wani saurayi da kowa ke kira Auta, don shi ne ƙarami a gidansu. Ya gama karatu ya daɗe babu aiki, kullum yana kwance a falo da waya a hannu.

Yayarsa mace tana aiki a wani ofishi da ke bin gida-gida yana yi wa mutane tambayoyi kan lafiya da ruwan sha. Aikinta shi ne ta ɗauki amsoshin nan ta fitar da ma'ana daga cikinsu, da wani yaren kwamfuta da ake kira R.

Ita ta zaunar da Auta a teburin cin abinci, ta ba shi tsohuwar kwamfutarta. Da farko ko waƙafi ya manta sai allon ya cika da jan rubutu, ya ture kujera ya ce shi ya haƙura. Sai ta yi dariya ta ce ai ita ma kuka ta sha kafin ta iya, ya dawo ya zauna.

Auta yana da kai. Kafin shekara ta zagayo ya fi ta sauri. Ita ta kai shi wurin daraktansu, ta tsaya masa har aka ɗauke shi.

Daga nan kansa ya fara kumbura. Abin da Yaya ke wuni tana dubawa, shi kafin shayinsa ya huce ya gama, har da zane-zane masu launi. Darakta ya riƙa yabonsa a gaban kowa. Auta ya daina tambayarta komai. In ta leƙo allonsa sai ya karkatar da shi.

Sai ga babban aiki ya zo. Wata ƙungiya za ta haƙa rijiyoyin burtsatse, tana so a gano unguwannin da suka fi buƙata. Darakta ya ba Auta.

Yaya ta same shi a ofis, ta ja kujera. Ta ce masa masu tattara bayanai sun shiga gidajen bakin titi da yawa, amma gidajen bayan rafi kaɗan suka samu, saboda hanyar ba ta biyuwa. Don haka kowane gida guda na bayan rafi yana tsaye ne a madadin gidaje masu yawa, dole a ba shi nauyinsa a lissafi. In ba haka ba, masu famfo za su danne marasa shi.

Auta ya ce ya ji. Bai yi ba.

Ranar gabatar da rahoto, allo ya nuna cewa kusan kowa a yankin yana da ruwa mai tsabta. Yaya ta ɗaga hannu ta tambaya a hankali ko an sa nauyin. Auta ya ji kamar ta tsinka shi a gaban baƙin da suka zo daga ƙungiyar. Ya yi murmushi ya ce:

"Yaya, ki bar mana wannan. Aikin ya wuce inda kika tsaya."

Wasu suka yi dariya. Ta dube shi, ta sauke hannunta. Bayan taro ta je ta samu Darakta da maganar, ya ce kada ta kawo rigimar gida cikin ofis.

Aka kai rijiyoyin zuwa wani yankin daban.

Da damina ta sauka, amai da gudawa suka ɓarke a bayan rafi. Yara suka fi shan wahala, wasu ba su tashi ba. Ƙungiyar ta nemi a sake duba lissafin, Darakta ya miƙa wa Yaya. Layi ɗaya ta ƙara, na nauyin nan. Sakamako ya juye: bayan rafi ne ya fi ko'ina buƙata.

Aka sallami Auta. Daraktan da ya fi kowa yabonsa ko sallama bai yi da shi ba.

Yaya ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi. Da aka haƙa wa unguwar rijiya daga baya, sai kawai ta ce ya shirya ya raka ta.

Suna tsaye ana buga ruwa, wata mata ta ji daga ofishin suke. Ta ɗauraye kofi ta cika, ta miƙa wa Auta da hannu biyu.

"Sha, ɗana. Allah ya yi muku albarka. Da bara ruwan nan ya zo, da 'yata ma ta sha."

Auta ya karɓi kofin. Matar tana tsaye tana jira, tana murmushi. Ya dubi Yaya, ta kawar da kai. Dole ya sha, har ya shanye.

Darasi: Iya aiki da sauri ba shi ne sanin aiki ba. A bayan kowace lamba akwai mutum mai rai, kuma girman kanka zai iya zama makokin wani gida. Kada ka raina gyaran wanda ya koya maka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ke gab da toshe kunnensa yau.