Farar da Ta Ƙi Yin Ƙwai

Ku matso ku raba mini wannan gardama, domin a cikin gidana take.

Shekara talatin ina suyar fara a bakin tasha, tun Malam yana da rai, kuma ban taɓa sallama mudu a tayin farko ba. Bara fara ta yi wuya, 'yar da ake kawowa ma duk warin feshi. Sarkin kasuwa ya aiko cewa in damina ta sami rumfata a rufe, mai awara zai ba. Sai 'ya'yana mata uku suka ce mu yi kiwon farar da kanmu. Muka ɗinka keji da gidan sauro, muka zuba mata dusa da harawa yadda muka saba yi wa ragon layya. Ta yi ɓul-ɓul, amma ƙwai ko ɗaya.

Barira, wadda ta yi karatun noma, ta feɗe mace guda ta duba da madubi mai ƙara girman abu. Ta ce a bayan kan fara akwai ɗan ƙulli mai sakin sinadari cikin jini. Shi ke zuwa ya ƙwanƙwasa wa jakar ƙwai, wani mai gadi a bakin ƙofar jakar ya miƙa saƙo ciki, sannan ƙwai ya fara cika. "Inna, jakar lafiya lau take, aike ne bai iso ba." Abin da zai tada ɗan aiken kuwa, ba ta sani ba.

Hansai ko firamare ba ta gama ba. Da ta ji haka ta ce wa yayarta fara ba rago ba ce, ita dai ba ta taɓa kama mai ciki ba sai ƙasa ta yi kore. Kullum ta taka har fadama ta yanko ɗanyen ganye. Mako biyu ciki ya cika.

Amma farar ta riƙe ƙwanta. Tasalla, auta, ita ta tsuguna ta lura tana ta soka gindi a daɓe tana fasawa. Ta ɗebo yashin rafi, ta jiƙa, ta cika gwangwanaye. Washegari yashin duk ramukan ƙwai.

Yau rumfa a buɗe take, mai awara sai dai ta gaishe ni ta wuce. Amma gwiwoyina sun gaji, rumfar kuwa mutum ɗaya take ci, kaskon ma ɗaya ne.

To, tsakanin Barira da Hansai da Tasalla, wa zan miƙa wa kaskon?