Kwamfutar da Aka Toshe wa Hanci

Akwai wani mutum, magatakardan wata ikilisiya, yana da tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Gwanjo ya saye ta daga wani shagon buga takardu da ya rufe a kasuwa, sunan shagon ma yana jikinta da jan fenti. Mutumin kuwa ba ya son raini ko kaɗan. Sai ya sayo leda mai ruwan zinariya ya manne ta sama da ƙasa, bai bar ko kafar allura ba. Ya ce wa jama'a ƙanensa ne ya aiko masa daga Turai.

A ikilisiyar akwai wata tsohuwa, Mama Keziya. Ita kaɗai ta rage mai riƙe da waƙoƙin yabo na mutanen farko a ka, guda goma sha biyu, ba a taɓa rubuta su ba. Ran Asabar ɗanta zai zo ya tafi da ita gari mai nisa, gama ƙarfinta ya ƙare. Mutumin ya bugi ƙirji gaban jama'a, ya ce kafin Asabar duk sai sun shiga kwamfuta.

Ran Litinin suka zauna, tana rerawa yana bugawa. Ba su kai baiti na uku ba kwamfuta ta ɗau zafi, fankarta na kuka kamar injin markaɗe. Kibiyar da ke kan allo ta tsaya cak, allo ya yi baƙi, abin da ya rubuta duk ya tafi.

"Aikin mahassada ne," in ji shi. Ya yi wa kwamfutar fifita da mafici. Ya jera mata ledojin ruwan sanyi a gefe. Ya goge hotunan bikin mutane da ke cikinta don ya rage mata nauyi, ya bar nasa. Har ya ce, "Mama, ke ma kina jan baiti da yawa, ita ba ta saba ba."

Ran Laraba ya kai ta wurin mai gyara. Mai gyara ya juya ta ya ce, "Maigida, sai an ɓare ledar nan." Mutumin ya fizge kayansa ya fita yana mita, wai shi za a tona wa asiri a tsakiyar kasuwa, bayan duk hidimar da yake yi wa mutane.

Ran Alhamis waƙa biyu kawai suka tsira, muryar Mama kuwa ta dushe don maimaici. Ta taɓa kwamfutar, ta janye hannu da sauri.

"Kai! Ai wannan sai a soya ƙwai. Ɗana, ta ina take numfashi?"

"Mama, na'ura ce, ba akuya ba."

"Murhu ma ba akuya ba ne, amma toshe masa ƙofa ka gani." Ta gyara ɗankwali. "Ni dai jibi zan tafi. Abin da na rera sau huɗu, ba ni da muryar na biyar."

Daidai nan matan zumuntar ikilisiya suka fara shigowa koyon waƙa. Mutumin ya dubi ƙofa, ya dubi tsohuwar. Sai ya sa farce a gefen leda ya ja. Jan fenti ya bayyana, ga sunan shagon da kowa ya sani.

"Ashe Turai a bayan 'yan tumatir take!" in ji wata. Ɗaki ya ɗauki shewa.

Bai ɗaga kai ba. Ya ɓare ledar kakaf, ya sa gashin kaza a kafofin iska ya zaro datti curi-curi kamar auduga, ya ɗora kwamfutar a kan katako biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta.

"Ku yi dariyarku, za ku neme ni," ya ce. "Mama, ta uku."

Kwamfuta ba ta ƙara tsayawa ba. Kafin la'asar ta Jumma'a, waƙa goma sha biyu sun shiga takarda.

Ma'anar wannan misali ita ce: kwamfutar nan zuciyar mutum ce. Ledar ita ce ado da ƙaryar da muke mannawa don kada a ga inda muka fito da inda muka faɗi. Abin da ya rufe kunyarka, shi ne ya toshe maka numfashi, sai addu'a ta tsaya cak, fushi ya hau, ka ɗora wa mahassada laifi. Ubangiji kuwa bai taɓa ƙin yin aiki da tsohon kaya ba, amma sai an buɗe masa. Masu leƙen jakar mai ba da misali don ku ga ko akwai jan fenti a kwamfutarsa, ku kama kanku, ku dubi taku.

'Yan'uwa, akwai wanda yake jiran aikin da Allah ya sa a hannunka, kuma ba zai daɗe yana jira ba. Za a yi maka dariya, babu shakka. Ka jure ta, ka je ka faɗi gaskiyar nan yau, ka koma bakin aiki.