Bunsuru da Gugan Hamada

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta!

Bunsuru mai cika baki ya rantse zai ƙetare hamada da ƙafa, ba ya neman taimakon kowa. Ya isa wata rijiya, ya tarar da guga a rataye, babu kowa. Ya sha ruwa, ya ce, "Wani sakarai ya manta kayansa." Ya rataya gugan a wuya, ya wuce.

Can gaba ƙishi ya kayar da shi. Wata tsohuwar Raƙuma ta tsince shi, ta ɗura masa ragowar ruwan salkarta.

Bunsuru ya farfaɗo, ya ce, "Inna, ke me za ki sha?"

Ta ce, "Akwai rijiya a bayanka. Na bar guga can saboda masu wucewa, haka muke yi a nan." Sai ta dubi wuyansa. "Ashe rijiya ta bayar, Bunsuru ya hana."

Ya ce, "Adana miki na yi."

Ta ce, "Madalla. Da goya ka zan yi, amma kai gwanin tafiyar ƙafa ne. Shige gaba, mu mayar."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na rataye ta a bakin rijiya.